Ina Raɗa Take Ɓacewa?

Na'urar da ake dasa wa kurma a katantanwar kunne ba ta kai sauti ga jijiya yadda ya fito daga baki. Makirufo ɗin da ke bayan kunne yana ɗaukar magana, a rarraba ta layi-layi bisa kauri da sirantakar sauti, layi 12 ko 16 ko 22. A kowane layi sai a zubar da karkarwar sautin, a riƙe shacinsa kaɗai, wato yadda ƙarfinsa ke hawa da sauka. Shacin ne ke faɗa wa kowace 'yar wayar da ke cikin kunne yawan wutar da za ta taɓa jijiyar ji da ita. Tsarin da Blake Wilson da abokan aikinsa suka wallafa a 1991 ke nan. A 1995 kuma Robert Shannon, a Los Angeles, ya nuna cewa shacin layi 4 kacal ya isa mutum ya gane yawancin jimloli idan babu hayaniya.

To ga abin ɗaure kai. Da'irar gano shaci tsohuwa ce tukuf, tana cikin kowace tsohuwar rediyo mai gajeren zango: dayod guda mai barin wuta ta bi hanya ɗaya, da kapasita mai tara ta, da resista mai zubar da ita a hankali. A rediyo ba ta da aibu. Amma a sa ta a na'urar kunne, sai magana mai ƙarfi ta wuce lafiya, raɗa ta ɓace ɓat, haka ma sautuka masu laushi irin s da sh da f. Me ya cinye su?

Zargin farko yakan faɗa kan makirufo. Sai a auna bakinsa, a tarar raɗar tana nan, ƙarama amma cikakkiya. A bi ta cikin matatun da ke rarraba layuka, nan ma ta fito. Daga dayod ne ba a sake ganinta. Dalili kuwa a fili yake: dayod ɗin silikon ba ya buɗewa sosai sai matsin wuta ya kai wajen bolt 0.6, alhali abin da makirufo ke bayarwa bai wuce 'yan milibolt ba. Dokin ƙofa ne mai tsayi, babba ya tsallake, mai rarrafe ya tsaya a waje.

A ƙara wa raɗar ƙarfi mana kafin ta iso? Nan batir ya hana. Ƙaramin batirin na'urar taimakon ji bolt 1.4 ne ko kusa da haka. Idan aka ɗaga raɗa ta kai 0.6, maganar yau da kullum ta riga ta bugi rufi ta murguɗe.

Sai injiniyoyi suka sauya dabara, suka daina auna matsin wuta, suka koma ga kwararta. A mai da sauti kwarara, a ba ta tiransisto biyu, ɗaya ya ɗauke ta in ta tafi gaba, ɗaya in ta dawo. A takarda dokin ƙofa ya kau. A gwaji kuwa kauraren sautuka masu laushi sun dawo, amma siraran, su s da sh, har yanzu shiru. Wannan ne ya fi ba da wahala, kuma a ganina nan kyan binciken yake.

Amsar tana wurin mahaɗar tiransiston biyu. Kafin ɗaya ya rufe ɗayan ya buɗe, dole matsin wutar mahaɗar ya motsa daga wannan gefe zuwa wancan, kuma mahaɗar tana da ɗan kapasita ɓoyayye da ba wanda ya sa shi, daga jikin silikon ɗin yake. Kwarara ƙarama tana buƙatar lokaci ta cika shi. Sauti mai kauri yana juyawa a hankali, yana da lokaci. Siririn sauti mai juyawa sau 5,000 a daƙiƙa kuwa, kafin ya cika kapasitan ya riga ya juya baya ya kwashe abin da ya zuba. Ba tiransiston da ya buɗe. Sautin bai lalace ba, kai-komo yake yi a tsakani.

Wannan matsala ce Serhii Zhak da Michael Baker da Rahul Sarpeshkar na jami'ar MIT a Amurka suka tunkara a 2003. Sun sa ƙaramin amfilifaya ya tsare mahaɗar, yana tura tiransiston da ya dace ya buɗe tun mahaɗar ba ta motsa sosai ba, kuma suka gudanar da tiransistocin da kwarara 'yar mitsitsiya. Da'irarsu ta bi sauti daga juyi 100 zuwa 10,000 a daƙiƙa, da tazarar desibel 75 tsakanin mafi laushi da mafi ƙarfi, wato ninki fiye da 5,000, a kan mikrowat 2.8. Sashen da ke riƙe ƙololuwar shaci, mai saurin hawa da jinkirin sauka, nanowat 140 yake ci. Wannan jinkirin ba abin wasa ba ne ga masu harsunan karin sauti irin Hausa, domin idan shaci ya yi nauyin sauka, ɗan abin da ya rage na hawa da saukar murya ma sai ya shafe.

Saura tambaya guda: me ya sa suka tsaya a 75? Da suka ƙara matse tazarar da ke tsakanin tiransiston biyu, sai wani abu ya fara tsallakowa ko da ɗakin shiru yake. Rawar da zafi ke sa ƙwayoyin lantarki yi ce, da'irar ta ɗauke ta tamkar sauti. Lissafinsu ya nuna cewa a wannan tsarin ƙanƙanta tiransisto ba zai yi magani ba, sai dai a ƙara wuta. Ke nan duk raɗar da mai dashen kunne zai ƙara ji, batirinsa ne zai biya. A 2005 ɗakin binciken Sarpeshkar ya haɗa cikakken mai sarrafa magana na layi 16 wanda, har da makirufo, mikrowat 251 yake ci.