Harajin gida: abin da ake faɗa a Balan da abin da doka ta ce

Baffana ya kira ni cikin zaure bayan la'asar, ya sa aka rufo ƙofa, sannan ya zaro wata baƙar leda daga ƙarƙashin buzunsa. A ciki akwai wata ledar, a cikin wannan kuma wata takarda da ta yi ja saboda tsufa, an naɗe ta har lanƙwasar ta fara yagewa. Takardar cinikin filin gidansa ce, da sa hannun mai unguwa, da hatimin dagaci, da dangwalen shaidu uku waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya.

"Kai da ka yi boko," in ji shi, "duba min. An ce wannan ta daina aiki, wai gwamnati za ta sa wa kowane gida haraji, wanda bai biya ba a karɓe."

Na ce, "Baffa, wa ya faɗa?"

Ya ce a waya aka ji. Muryar wani ce ke yawo a WhatsApp, daga majalisun Balan har tashar Gaya, kuma da na je Ajingi na tarar ta riga ni isa.

Tsoron yana da asali. Kakanninmu sun ga malaman taki suna auna gonaki da ƙafa a zamanin Turawa, iyayenmu kuma sun ga yadda ake shanya magidanci a rana saboda kuɗin haraji, har zuwa 1979 da Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano ya soke haraji da jangali. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma maganganun da ke yawo ba ɗaya ba ne: akwai ƙarya tsagwaronta, akwai kuma gaskiyar da aka ɗauko daga wani gari aka jingina wa namu.

Mu fara da sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Ba su ɗora wa gidan zama wani harajin shekara-shekara na tarayya ba. Abin da suka taɓa shi ne kuɗin shiga, kuma naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara ba a cire mata komai. Game da gida ma sassauci ne a ciki: wanda ya sayar da gidan da yake zaune, tare da filin da ke manne da shi har eka ɗaya, ba zai biya haraji kan ribar ba, sai dai sau ɗaya ake cin wannan moriyar a rayuwa. Rangwamen da aka fi yayatawa, wato kashi 20 cikin 100 na kuɗin haya har zuwa naira 500,000, na ɗan haya ne mai biyan harajin albashi ko na kasuwanci. Mai gidan kansa ba shi da rabo a nan.

To babu harajin gida ke nan kwata-kwata? Akwai, kuma ya girmi wannan gwamnati. Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa ƙiyasta gidaje domin karɓar kuɗi a kansu cikin ayyukan ƙaramar hukuma, bisa abin da majalisar dokokin jiha ta tsara. Ke nan ba Abuja ce ke da wannan hurumi ba, kuma ba duk wanda ya rataya kati a wuya ba ne. Duk wanda ya yi sallama da sunan harajin gida, a tambaye shi takardar neman biya mai sunan hukuma, a kuma karɓi rasit. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Batun ƙwace gida kuwa daga birni ya samo tushe. A watan Maris na 2025 hukumar Abuja ƙarƙashin minista Nyesom Wike ta soke takardun filaye 4,794 saboda an haura shekara goma ba a biya kuɗin ƙasa ba. A Kano ma, a ƙarshen 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ƙaddamar da sabunta takardun shaidar mallaka ta hannun ma'aikatar ƙasa da hukumar KANGIS. Duka biyun sun faru. Sai dai masu satifiket ɗin mallaka na gwamnati suka shafa, domin biyan kuɗin ƙasa sharaɗi ne da ke cikin satifiket ɗin. Wanda ke da irinsa, ko a ina filin yake, ya lura da wannan. Baffana bai taɓa riƙe irinsa ba, don haka babu abin da zai sabunta.

Kuma rashin satifiket bai mai da shi ɗan cin arziki a gidansa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta bar filayen da ba a ayyana su cikin birni ba ga ƙananan hukumomi. Sashe na 36 ya ce wanda dokar ta tarar da gininsa a irin wannan wuri zai ci gaba da riƙe shi kamar wanda ƙaramar hukuma ta ba wa izini. Takardar dagaci ba satifiket ba ce, amma shaida ce, kuma ran da aka je gaban alƙali kan iyaka, ita da shaidu da daɗewar zama ne za su yi magana. Wanda ya sayi fili bayan 1978 ya kamata ya nemi amincewar ƙaramar hukuma kan cinikin, kamar yadda sashe na 21 ya buƙata. Yawancinmu ba ma yi, sai rigima ta taso.

Gwamnati na iya karɓar gida domin hanya ko makaranta ko asibiti, wannan haka yake. Amma sai da sanarwa, sai da diyya, kuma sashe na 44 na tsarin mulki ya bar wa mai gida ƙofar kotu a buɗe. 'Yan kasuwar filin Idi na Kano sun bi ta wannan ƙofa bayan rusau ɗin 2023, babbar kotun tarayya ta yanke musu naira biliyan 30, daga baya aka sasanta kan biliyan 3. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne diyyar ta gini ce da amfanin gona da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. A ganina wannan ƙwara ce ga mutumin karkara, wanda ɗakunansa na ƙasa ne da azara, darajar duk tana cikin filin.

Sai maganar da na fi so a yi hattara da ita, domin tana da daɗin ji: wai gidan da mutum ke kwana a ciki ba a sayar da shi kan bashi. A wasu jihohin Amurka haka ne. Texas ta kafa irin wannan kariya tun 1839, Florida ma tana da ita, har da rangwamen haraji ga gidan zama. Legas kuma ta yafe wa ɗan fansho harajin gidan da ya mallaka yake zaune a ciki. To dokar Legas iyakarta Legas, ta Amurka kuwa ko a jirgi ba ta zo ba. Abin da dokar zartar da hukunci ta Najeriya ta tanada jeri ne kawai: a fara da kayan da ake iya ɗauka, in ba su isa ba, mai bin bashi ya nemi izinin babbar kotu kafin a taɓa gini. Wanda kuwa ya kai takardar gidansa jingina a banki, shi ya buɗe ƙofar da hannunsa.

Na ji wani yana cewa ai shari'ar Musulunci ta hana. Gaskiya ne babu zakka a kan gidan zama, kome girmansa. Amma kan wanda bashi ya yi wa katutu malamai sun saɓa: Hanafiyya da Hambaliyya suna bar masa gidan da yake buƙata, Malikiyya da Shafi'iyya suna ganin a sayar a biya mutane haƙƙinsu. Mu kuwa Malikiyya muke bi. Haka in mai gida ya rasu, bashi ake fara fitarwa kafin rabon gado. Matarsa tana da haƙƙin yin takabarta wata huɗu da kwana goma a gidan mijin, ba mai tayar da ita. Bayan nan rabonta tumuni ne in ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba. Gidajen da na ga sun salwanta a yankinmu, ta nan suka bi: bashin taki da aka ci da damina, hatsin da aka karɓa za a biya da kaka, ko gadon da aka ƙi rabawa shekara ashirin har jikoki suka daina gaisawa.

Da na gama yi masa wannan bayani, Baffa ya yi shiru yana shafa gemu. Can ya ce, "To ita wannan fa?"

Na ce, "Ka ba ni ita gobe in kai Gaya a yi mata hoto kwafi uku, a sa mata leda mai manne. Ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin Yaya, ɗaya a ɗakin Inna."

Ya mai da ita cikin ledojinta biyu, ya tura ƙarƙashin buzu, ya ce shi da kansa zai hau babur ya bi ni, domin takardar ba ta taɓa kwana a hannun wani ba.