Tsutsar Karan Masara A Kagarko: Wane Magani Ne Ya Fi Riba?

Annobar da ta lalata gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna a shekarar 2023 ta nuna wa manoman Ƙaramar Hukumar Kagarko cewa masara ma jari ce. Ɗaya daga cikin manyan abokan gabanta ita ce tsutsar kara.

A da, an dogara ne da ƙwayoyin Furadan da kuma endosulfan. To amma saboda ƙarfin gubarsu, yarjejeniyar Stockholm ta sa endosulfan cikin jerin magungunan da za a kawar a 2011, ta Rotterdam kuma ta tsaurara cinikin sinadarin Furadan a 2017.

Yanzu zaɓi ya koma tsakanin masu araha, irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin, da masu tsada irin su Ampligo. Masu araha sai sun taɓa tsutsar suke kashe ta, don haka akan maimaita feshi. Ampligo kuwa yakan daɗe yana aiki a jikin ganye, abin da ke rage kuɗin ƙwadago.

Sai dai lokacin feshi ya fi farashi muhimmanci. Tsutsar tana fara cin ganyen tsakiyar shuka ne, kuma da zarar ta shige cikin kara, kuɗin feshi ya zama asara.

Dillalai kuma suna da sabon lissafi a gabansu. A Janairun 2024 aka amince da irin masarar TELA na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wanda ke jure wa wannan tsutsa. Idan ya karɓu, cinikin magani zai iya raguwa, na iri kuma ya ƙaru.