Me Ya Sa Aku, Ba Gizo Ba?

Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce a makaranta ya san Aku ne mai ba da labari a fadar Sarki Abdurrahman. Tambayar da ba a cika yi a aji ba ita ce: ina Gizo? Lokacin da Abubakar Imam ya zauna a Zariya a 1936 yana rubuta littafin, babu yaron da bai san Gizo da Ƙoƙi ba. Ga kuma maroƙa da fadawa da tsofaffin gida, duk masu baki. Amma marubucin ya tsallake su, ya ɗauko tsuntsu a keji. Bari mu bi sawu.

Sawun farko yana cikin littafin kansa. Aku ba haifaffen garin ba ne, a hannun wani Balarabe aka saye shi. Imam ya nuna mana ke nan cewa baƙo ne, kuma daga gabas ya fito.

In muka bi hanyar gabas, za mu tarar da wani tsohon littafin Indiya, Shuka Saptati, mai labarai 70 daga bakin aku. Wajen 1330 wani malami, Nakhshabi, ya sake tsara shi da Farisanci cikin labarai 52, da sunan Tuti Nama. A can, wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa da tsuntsaye biyu masu magana. Matar ta so fita da dare wurin wani saurayi. Tsuntsuwar da ta hana ta kai tsaye, nan take ta kashe ta. Shi kuwa aku bai ce mata kada ta je ba, sai ya ja ta da labari har gari ya waye. Haka kullum, har maigida ya dawo.

To, dubi abin da Imam ya yi da wannan ƙwarangwal. Ya cire matar aure ya sa ɗan sarki, Musa. Ya cire saurayi ya sa fagen fama, inda Sarki ya tafi don yaƙar Sarkin Sinari. A bakin ƙofa kuma ya ajiye makircin Waziri, wanda ke jiran Musa ya fito a kama shi. Abin da Aku ke tsarewa yanzu ya tashi daga mutuncin gida ɗaya ya koma gadon sarauta. Amma bai taɓa tsuntsaye biyun ba: macen aku ta faɗa wa Musa gaskiya tsirara, ta rasa ranta. Mijinta ya ga gawa, ya sake dabara. Kowane dare Musa ya zo da shirin tafiya, sai Aku ya nuna kamar ya yarda, ya jefo wata magana da za ta sa yaron ya tambayi yadda aka yi. Kafin labari ya ƙare, asuba ta yi.

A nan Gizo ya faɗi jarrabawa. Wayonsa na cikinsa ne. Yana yaudarar zaki da kura don ya ci, ba don ya ceci kowa ba. Wa zai ba shi amanar ɗan sarki? Mutum ma ba zai yi ba. Bafade ko bawa yana da tsoro da kwaɗayi, Waziri na iya sayensa ko ya sa a kawar da shi. Tsuntsu kuwa ba shi da dangi a fada, ba ya neman rawani, kuma ba shi ne za a fara zargi ba.

Saura sawu na ƙarshe, wanda ya warware ƙullin. Aku ba shi da hannun riƙe takobi, ba shi da dukiya, ba shi da asali. Imam ya zaɓi halittar da aka raba da kome sai harshe, don kada mai karatu ya jingina nasarar ga wani abu daban. Da jarumi ne ya ceci Musa, da an ce ƙarfi ne. Da attajiri ne, da an ce kuɗi ne. Shi ya sa bayan asirin Waziri ya tonu, tsuntsun ne aka ba muƙaminsa. A littafi na biyu ya kara da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, a gasar labari. A na uku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar.

Saboda haka ɗalibin da aka ce ya fito da jigon littafin, kada ya tsaya ga cewa Aku mai hikima ne. Ya jera tsuntsayen biyu gefe da gefe. Dukansu gaskiya ɗaya suka sani, dukansu alheri suke nufin Musa da shi. Abin da ya raba mai rai da matacce shi ne sanin yadda ake shigar da gaskiya kunnen mai iko ba tare da an tsokano fushinsa ba.