Mace mai ciki da man gyaran fata: wanda ke da lahani da wanda ba shi da

A kasuwannin Agye, Cadawa, Gazawa, Tibiri da Gidan Rumji, teburan ƴan koli cike suke da man shafawa da sabulan gyaran fata, da yawansu an shigo da su daga Nijeriya. Cikin masu saye akwai mata masu juna biyu, domin ciki yakan sa goshi da kumatu su yi duhu, wani lokaci kuma ƙuraje su fito. Wannan duhu ba cuta ba ne. Sauyin jiki ne ke kawo shi, rana ta ƙara shi, kuma galibi yakan ragu bayan haihuwa.

Abin lura shi ne fata ba katanga ba ce. Wani kashi na abin da aka shafa yana ratsa ta ya shiga jini, jinin uwa kuwa shi ke ciyar da ɗan tayi ta mabiyiya.

Sinadarai masu tsami

Wasu mayukan suna ɗauke da asid mai saɓule matacciyar fata. A jikin kwali, da Faransanci, za a ga acide lactique, irin wanda ke cikin nono, ko acide glycolique, irin wanda ke cikin rake. Idan ƙarfinsu kaɗan ne, likitoci ba su ganin laifinsu ga mai ciki, saboda abin da ke ratsa fata ba shi da yawa. Acide salicylique ɗan'uwan asfirin ne: ana yarda da shi idan bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma a ɗan wuri kaɗan. Shafe dukan jiki da shi, ko yin amfani da mai ƙarfin da ke ɗaye fata, sai a bari har a sauka.

Waɗanda ya wajaba a guje musu

Na farko su ne dangin bitamin A, wato trétinoïne da rétinol. Ƙwayar isotrétinoïne da ake sha domin ƙuraje tana nakasa jariri tun a ciki, shi ya sa ake hana har na shafawa. Na biyu hydroquinone ce mai sa fari, wadda fiye da kashi ɗaya cikin uku nata ke shiga jini. Tarayyar Turai ta hana sa ta cikin man kwalliya a shekara ta 2001. Na uku clobétasol ne da danginsa. Wani bincike da aka buga a 2007 game da mata masu ciki a Dakar ya nuna masu shafa irin wannan mai ƙarfi sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi. Na huɗu zaiba ce, wadda ake rubutawa mercure. Tana lalata ƙodar uwa da ƙwaƙwalwar ɗa, kamar yadda aka gani a garin Minamata na Japan tun daga 1956. Yarjejeniyar duniya mai sunan garin, wadda ta fara aiki a 2017, ta haramta kayan kwalliya masu zaiba.

Babban haɗari yana cikin haɗin da ake damawa a gida a zuba cikin kwalba ba suna, domin ko mai sayarwa ba ta san abin da ke ciki ba.

Aikin kowa

Ya kamata mai ciki ta tafi da robar man da take shafawa ranar awo, ta nuna wa ungozomar likita. Wadda ta daɗe tana shafa clobétasol kada ta daina dare ɗaya. Likita ne zai tsara mata yadda za ta rage. Man kaɗe, sabulu mara ƙarfi da guje wa zafin rana sun wadatar.

Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su taimaki maƙwabta wajen duba sunayen da ke jikin kwali. Hakimai da ma'aikatan lafiya kuma su kai bayanin har ƙauyuka, magidanta su daina matsa wa matansu a kan hasken fata. Rigakafi ya fi magani.