Shin Ko Kun San? Rigar Ƙwallo Mai Gumi da Zafin Ɗakinku

Shin ko kun san cewa rigar da Diego Maradona ya saka ranar da ya ci Ingila ƙwallo da hannu ta yi shekara 16 a saman silin gidan wani Bature? Ranar 22 ga Yuni, 1986, a filin Azteca na birnin Meziko, bayan Ajantina ta yi nasara da ci 2 da 1, ɗan wasan Ingila Steve Hodge ya yi musayar riga da Maradona a hanyarsu ta shiga ɗakin sauya kaya. Ya koma gida ya jefa ta sama. Sai a 2002, shekarar da aka yi gwanjon rigar Pele ta wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 1970 a kan fam 157,750, ya sauko da ita ya ba gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila aro. A can ta zauna kusan shekara 20. A watan Mayun 2022 kamfanin Sotheby's ya sayar da ita fam miliyan 7.1 da 'yan kai. Kada dai wani ya ji wannan ya ce zai kwaikwayi Hodge. Saman silin a Ingila daban, ƙarƙashin kwano a Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu daban.

Shin ko kun san zafin da gidajen adana kayan tarihi ke so wa tufafi bai wuce digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salsiyas ba? Danshin iska kuma wajen kashi 50 cikin 100. Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: duk sanda zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin lalacewar abu yakan ninka kusan sau biyu. Ke nan rigar da ke zaune a digiri 40 tana tsufa kusan sau huɗu fiye da 'yar'uwarta da ke digiri 20. A Kano kuwa, daga Maris zuwa Mayu, digiri 40 ba labari ba ne.

To, yaya za a yi? Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sai mutum ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ɗaki ya yi sanyi ƙalau, a ɗauke wuta, ɗaki ya koma tanda, a dawo da ita da tsakar dare, ya sake sanyi. Wannan hawa da sauka ya fi zafi mai tsayawa wuri ɗaya ɓarna. Zare yana buɗewa yana tsukewa, lambar da aka manna a baya ita ma tana nata motsin, amma ba da sauri ɗaya ba, har gam ɗin da ke tsakaninsu ya gaji ya saki. Ƙari a kan haka, duk abin da ya yi sanyi sannan iska mai ɗumi ta buge shi, raɓa takan sauka a kansa. A ganina, ɗakin da ke zaune a digiri 27 dare da rana ya fi wanda ke lilo tsakanin 20 da 38 amfani ga riga. Ku nemi ɗakin da ya fi kowane sanyi da kansa, wanda ke tsakiyar gida, wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma. Mai tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango ya fi mai bulo da kwano sa'a a nan.

Wuraren da aka fi cusa kaya su ne suka fi muni: saman silin, gareji, sito na bayan gida, kusa da kicin, gefen janareto. Mota kuwa kada ma a fara. Cikin motar da aka rufe aka bari a rana yana iya haura digiri 60.

Shin ko kun san cewa a rigar zamani ba yadin ne ke fara mutuwa ba? Yawancin rigunan yau na foliyesta ne, zaren da sai zafi ya kai wajen digiri 250 yake narkewa, kuma asu ba ya cinsa. Masu rauni su ne lamba, da sunan ɗan wasa, da tambarin kamfanin da ke ɗaukar nauyin ƙungiya. Waɗannan roba ce da aka danna da zafin kusan digiri 150, kuma abin da zafi ya manna, zafi yana iya kwance shi a hankali. Idan danshi ya haɗu da zafi, robar takan yi danƙo, ta tsattsage, ko ta manne da duk abin da ta taɓa. Duk wanda ya taɓa ninke riga lamba na kallon lamba, ya bar ta damina guda, ya san ƙarar da ake ji idan aka zo buɗewa. Rabin lamba 10 ya tafi da rabin sunan. Wani lokaci kuma launin yadin ne ke ratsowa cikin farar lamba, ja ya mayar da ita ruwan hoda. Magani mai sauƙi ne: a sa farar takarda marar asid ko tsohon farin ƙyallen auduga wankakke a kan kowace lamba da kowane tambari kafin a ninke, kuma kada layin ninki ya ratsa ta kansu.

Ita kanta rigar Maradona ɗin da dutsen guga aka manna mata lambarta. Koci Carlos Bilardo ya ga shuɗayen rigunan audugar da suka saka a wasansu da Yurugwai sun yi nauyi da gumi, sai aka tura wani ma'aikacin tawaga ya nemo marasa nauyi a shagunan birnin Meziko. Aka ɗinka musu bajon ƙasa cikin gaggawa, aka manna lambobi masu ƙyalli irin na ƙwallon Amurka. Rigar kasuwa ce, ta tashi a fam miliyan bakwai.

Shin ko kun san cewa datti kuɗi ne? Masu sayen irin waɗannan riguna suna da hanyar tantancewa: a ɗauko hotunan wasan, a ƙara girmansu, a riƙa gwada su da rigar. Zaren da ya zare a wuya, tabon ciyawa a kafaɗa, bajon da ya ɗan karkace, su ne shaida. Da rigar Maradona ta zo gwanjo, 'yarsa Dalma ta fito ta ce wannan ta rabin farko ce, ba wadda ya ci ƙwallayensa biyu da ita ba. Da irin wannan gwajin hoto Sotheby's ya kare kansa. Haka aka yi da rigar Babe Ruth, gwanin wasan besbol na ƙungiyar Yankees ta New York, wadda ya saka a Chicago a 1932. A 2005 an sayar da ita dala 940,000. A watan Agustan 2024, bayan an daidaita ta da hotunan ranar, kamfanin Heritage ya sayar da ita dala miliyan 24.12. Rigar Michael Jordan ta wasan farko a zagayen ƙarshe na gasar NBA ta 1998 ta tashi dala miliyan 10.1 a 2022, rigunan Messi shida na gasar cin kofin duniya ta Ƙatar kuma dala miliyan 7.8 a ƙarshen 2023.

Sai dai dattin nan yana da nasa sharrin. Gumi gishiri ne da maiƙo, da sannu yakan koma rawaya, gishirin yana jawo laima, ƙwari kuma suna bin warinsa. Mai riga yana tsaka mai wuya: ya wanke ya goge shaida, ya bari ta ci yadi. Masu adana kayan tarihi sun fi karkata ga a bari, amma a busar sarai. Ni ma nan na tsaya. Idan ɗan wasa ya cillo muku rigarsa daga fili, a shimfiɗa ta a inuwa inda iska ke ratsawa har ta bushe ƙamas, sannan a yi maganar ajiya. Kuma a gargaɗi mutanen gida tun da wuri, don mai son ku ne zai gan ta da datti ya haɗa ta da kayan mai wanki da guga. Dutsen gawayi ɗaya a bayan lamba, aikin gama ya gama.

Leda fa? Babbar abokiyar gaba ce. Tana kulle laima a ciki, kuma da danshi ya haura kashi 65 zuwa 70 cikin 100 fumfuna ta samu gida. A watan Agusta iskar ƙasar Hausa takan wuce haka. Wasu ledoji masu laushi kuma suna fitar da wani maiƙo da ke cin rubutun roba. Kwalin kanti na yau da kullum da jarida da katakon da ba a shafe ba suna fitar da asid mai sa yadi ya yi ja-ja. Abin da ya dace shi ne akwatin takarda marar asid. In babu, a naɗe rigar cikin farin zanen auduga da aka wanke aka ɗauraye sosai, a sa a akwati mai tsabta, a ɗora a kan kanta, ba a ƙasa ba kuma ba jingine da bango ba, saboda gara da ruwan da ke tasowa ta gini. 'Yan ƙunshin ƙwayoyin silika da ake samu a kwalin sabon takalmi suna shan laima, amma suna ƙoshi. In ba a busar da su ko an sauya ba, ado ne kawai.

Hunturu kuma nasa salon daban: danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20, roba ta bushe ta yi ƙarfi, ƙura ta shiga ko'ina. Ƙurar nan tana da kaifi, tana goge zare kamar yashi a bayan tukunya. A lokacin ne rufe akwati ke da amfani.

Shin ko kun san cewa ɓarnar haske ba ta gyaruwa? Gidajen tarihi ba sa yarda hasken da ke sauka kan tufafi ya wuce luks 50, abin da mu za mu kira ɗaki mai duhu-duhu. Rana tsaka a waje tana iya kai luks 100,000. Launin da ya koɗe ya tafi ke nan, kuma ɓarnar taruwa take yi, ta yau a kan ta jiya. Sa hannun ɗan wasa shi ke fara ɓacewa, don tawadar maka ba ta jure haske. Mai son rataye rigarsa a falo cikin firem ya nemi gilashi mai tare hasken da ke cin launi, ya bar rata tsakanin gilashi da riga don kada lamba ta manne, a ɗinke ta da zare a jikin allon baya, ba gam, ba ƙusa, ba fil mai tsatsa. Ya kuma zaɓi bangon da ba ya kallon taga. Hangar waya kuwa tana huda kafaɗa, tana tsatsa, nauyin rigar kuma yana ja har wuya ya buɗe. Kwanciya ta fi rataya.

Shin ko kun san asun da kuke gani yana tashi ba shi ne ke cin kaya ba? Tsutsarsa ce, kuma ulu take nema, musamman inda gumi ya zauna. Tsofaffin riguna irin ta Babe Ruth, wadda ta ulu ce, su ne abincinta. Mu kuma da mun ji asu sai mu ce kafur. A yi hattara. Yawancin farin kafur na kasuwa sinadarin naftalin ne, tururinsa yana iya taɓa roba, warinsa ba ya fita da sauƙi, sannan yana fasa ƙwayoyin jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, larurar gado da ke da yawa a Afirka ta Yamma. Jarirai sun fi shiga haɗari. Turaren wuta da na fesawa ma a nisanta su da rigar, maiƙonsu tabo yake bari.

Gidajen tarihi sanyi suke amfani da shi wajen kashe ƙwari. A nan kaɗai leda ke da rana: a sa busasshiyar riga a ciki, a fitar da iska, a like baki, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda ko fiye. Idan aka fito da ita a bar ta cikin ledar yini guda har ta dawo daidai da ɗaki kafin a buɗe, kuma kada a lanƙwasa ta tana daskare, lamba za ta karye. Sharaɗin shi ne firizar ta riƙe sanyinta tun daga farko har ƙarshe. Wadda ke narkewa duk sanda aka ɗauke wuta ba za ta kashe ƙwai ba.

Shin ko kun san cewa al'adar musayar riga ana danganta farkonta da 1931, lokacin da Faransa ta doke Ingila 5 da 2 a Paris, 'yan wasan Faransa suka roƙi rigunan baƙinsu don tunawa? Tun daga nan riguna ke yawo hannu zuwa hannu, kuma ba sai Turai ba. Garba Lawal da Tijjani Babangida suna cikin tawagar Najeriya da ta ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa ɗaya yana Kano Pillars, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Duk wanda rigar irin waɗannan ranaku ta faɗo hannunsa, ko da ta wasan lig ce a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ya rubuta rana da wasa da yadda aka yi ya same ta a takarda daban, da fensir, ba a jikin rigar ba. Ya ɗauki hotonta gaba da baya, har da tabon. Sannan sau biyu ko uku a shekara, musamman da damina ta ɗauke, a wanke hannu a buɗe akwatin, a duba wuya da hammata, a sake ninkewa ta wani layin daban don kada tsohon ninki ya zama yaga.