Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Ake Adana Iskar Haidirojin Da Jigilarta?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Funtuwa, ya rubuto cewa ya ji a labaran duniya wai wasu masana'antun Turai na neman barin kwal su koma ga wata iska mai suna haidirojin. Yana tambaya ko irin gas ɗin girki ce, wadda za a ɗura a tukunya a ɗora a mota a kai kasuwa.

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Amsa a taƙaice ita ce a'a, ga kuma dalili.

Haidirojin ta fi kowace iska rashin nauyi, wadda muke shaƙa ma ta fi ta nauyi sau 14. Wutarta na da zafi ƙwarai, kuma ba ta hayaƙi, sai tururin ruwa. Shi ya sa masu narkar da ƙarfe ke kwaɗayinta. Amma fa rashin nauyin nan shi ne wahalarta. Kai mutumin Funtuwa ne, ka san lodin auduga: mota ta cika maƙil, a hau sikeli a ga ba wani abin kirki, sai an danne ta an ɗaure. Haka ita ma. Ana danna ta cikin tukwanen ƙarfe masu kauri, da matsin da ya kai na tayar ƙaramar mota wajen sau 100. Tukunyar girki ba za ta iya jure wannan ba, fashewa za ta yi. Duk da dannewar, tirela guda mai ɗauke da dogayen tukwanen ƙarfe ba ta kai rabin tan na iskar ba. Sauran nauyin duk na ƙarfe ne.

Wani abin mamaki, ƙwayoyinta ƙanana ne har suna kutsawa cikin jikin ƙarfe, kamar yadda gara ke cin katako, a hankali ya yi rauni ya tsage. Don haka ba kowane ƙarfe ake sa ta a ciki ba, kuma ana gwada tukwanen lokaci-lokaci.

Inda nake so ku kasa kunne shi ne maganar yoyo. Gas ɗin girki an zuba masa wari da gangan, kuma ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya. Ita kuwa haidirojin ba launi, ba wari, sama take yi ta taru a ƙarƙashin rufi. In ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, ɗan tartsatsi ya isa. Harshen wutarta ma da rana da ƙyar ido ke ganinsa. Saboda haka a fili ake ajiye ta, ko a rumfa mai kafofi a sama, da na'urori masu ƙara in sun ji ta. Sigari da walda kuwa, ko kusa. A watan Yuni na 2019 wani gidan sayar da ita ya yi bindiga kusa da Oslo, babban birnin Norway. Da aka bincika, sai aka tarar wasu kusoshin murfin tanki ne ba a ɗaure su sosai ba. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

In tafiyar mai nisa ce, akan sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri ta zama ruwa, a zuba a tanki mai bango biyu irin na fulas ɗin shayi. Da haka wani jirgin ruwa, Suiso Frontier, ya ɗauko ta daga Ostareliya zuwa Japan a 2022. Akwai kuma bututu. Jamusawa sun shimfiɗa nasu a yankin Ruhr tun 1938.

Hanyar da ni na fi ganin hikimarta, manoma sun san ƙarshenta. Ana haɗa haidirojin da wata iska mai suna naitirojin, a sami amoniya, wadda ke zama ruwa a digiri 33 kacal ƙasa da sifiri. Ɗaukarta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai guba ce, ko da yake warinta na tona ta da wuri. Da amoniyar nan ake yin takin yuriya a masana'antun Eleme da Lekki. Wato Malam, buhun takin da kake lodi zuwa ƙauye da damina, akwai haidirojin ɗaure a cikinsa.