Rumbu a liƙe, maigida a cirani: wa ke ciyar da gidan ƙauye?

Da an gama ɗaurin hatsi, tashoshin mota na Tasawa, Madarunfa da Matamaye sai su cika da samari, kowa da ƴar jakarsa. Wasu Kano ko Legas za su, wasu Agadas da Libiya, mutanen Adar kuwa Abijan suka fi sani. Ƙauye ya koma na mata da yara da tsofaffi har ruwan shuka ya sauka.

A gidaje da dama na jahar Maraɗi, kafin maigida ya tafi yakan auna wa iyali abin da zai bari, ya liƙe bakin rumbu. Ba mugunta ba ce. Hatsin gandu na damina ne, lokacin da ake neman ƙarfin noma, tiya kuma ta yi tsada a kasuwa. To, watannin rani fa? A da can, gamana ke ɗauke da su: ƴar gonar da miji ke yankar wa matarsa, abin da ta noma nata ne, da shi take dama furar ƴaƴanta.

Gamanar ce ke ɓacewa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, kuma duk rabon gado gona ƙara tsukewa take. A kudancin Maraɗi, inda jama'a ta fi cunkoso, idan fili ya ƙaranta, na mace ake fara karɓewa. Tukunya kuwa ba a karɓe mata ba.

Sai ta shiga dabara: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kiwon akuya, dakau a gidan masu hali don ta samu dusa, zubin asusu irin na Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991. Ƴar da ke lakwal ita ke ɗaukar farantin talla, daga nan maganar aure ba ta da nisa. Inda dabara ta ƙare, matan ma hanya suke kamawa. Mutane 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013, akasarinsu mata ne da yara, da yawa daga yankin Kance.

Masu cirani suna aike, ba a musu, ta Nita ko Al Izza, ko hannun direba. Sai dai wanda ke nema a Najeriya ya san yadda naira ke narkewa kafin ta zama sefa. Kuma aike ya fi zuwa da salla ko ranar suna, alhali gida ya fi jin jiki daga watan Afrilu, lokacin da awon da aka bari ya ƙare, rijiya ta yi ƙasa, rumbu kuma na nan a liƙe yana jiran mai shi.